Takardar da Ƙwaro Bai Ci Ba

Ran nan wasu samari biyu suka kawo mini gyaran jakar kwamfuta. Ɗayansu ya tsaya yana kallon hannuna, sai ya juya ya ce wa ɗan'uwansa da Turanci wai wannan aiki kwana uku ya ishi mutum ya koya a waya. Ya ɗauka ban ji ba. Na ji sarai, ban kuma ji haushi ba, don ni ma da ina kamarsa haka na ɗauki dukanci: ka yanka fata, ka huda, ka ɗinka, ka miƙa wa mai kaya. To ku da ake yi muku Hausa kuna amsawa da Turanci, ku saurara in ba ku labarin aiki ɗaya da ya kusa sa ni rufe shago, bayan na yi shekara arba'in da wuƙa a hannu.

A zangon Kumasi aka haife ni, amma kakanninmu daga ƙasar Sakkwato suka gangaro, suka biyo hanyar goro da sana'arsu ta fata. Ƙanin mahaifina, Baffa Haruna, shi ya koya mini. Shekara biyu cur bai bari na taɓa wuƙa ba. Aikina shi ne murza zare da kakin zuma, wasa basilla, da goge jar fatar akuya da dutse mai santsi har ta yi ƙyalli. In aka kawo fata daga wurin majema, sai ya miƙo mini ya ce in shinshina in gaya masa ko bagaruwa ta kama ta. In na yi kuskure ba ya duka. Maƙwabcinmu mai ɗinkin hula yake kira, ya ce ya zo ya ga magajinsa, wanda Allah ya ba hanci don ado kawai. Na gwammace ya dake ni da wannan dariyar.

Babban aikin gidanmu shi ne tadarishi da gafaka, wato bangon fata da jakar da ake sa Alƙur'ani rubutun hannu. Ku da kuka tashi da na bugu ba ku san wannan ba: Alƙur'anin hannu irin namu ba a ɗinke shi. Takardu ne a warware, ɗaya bisa ɗaya, a sa su tsakanin bango biyu a naɗe da maɗaurin fata. Marubucin kuma, a gindin kowace takarda, yakan rubuta kalmar da za ta fara takarda ta gaba. Saboda haka in aka kawo mana tsohon Alƙur'ani da damina ta taɓa, sai mu shimfiɗa tabarma mai tsabta a inuwa, mu baza takardun su sha iska, mu kakkaɓe fumfuna, mu datse gefen da ya ruɓe, mu tattara su yadda suka zo hannu. Jerawa ba ta da wuya, kalmar gindi kawai za ka bi, in ma ka rikice ga mahaddata nan cike da unguwa. Ban taɓa ganin Baffa ya damu da wace takarda ke kan wace ba, ni ma a haka hannuna ya tashi.

Da na zo New York, a titi na 125 na fara, da ɗan teburi ina sayar da bel da walat aikin hannuna, cikin sanyin da yake sa yatsu su daina jin allura. Daga baya na samu ɗan shago a Bronx, wajen Morris Heights, inda jirgin ƙasa mai lamba huɗu yake bi ta kan gada. Duk wucewarsa sai gwangwanin ƙusoshina ya yi rawa a kan kanta. Aikin nan ba irin na gida ba ne: dunduniyar takalmi, zif ɗin jaka, hannun akwatin da ya karye a tafiya. Mutanen Nijar na titi na 116 sukan hawo da takalmin da ya gama rayuwarsa su ce, "Patron, ka lallaɓa mini shi ya kai ni baɗi." Tadarishi kuwa, in na yi biyu ko uku a shekara na gode Allah.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce mafi muni da na gani a garin nan. Lokacin sanyi bututun ruwa ya fashe a ɗakin ƙasa inda nake ajiya, fatun da na daɗe ina tarawa daga gida suka jiƙe suka yi baƙi, uku kawai na tsira da su. Ga mutane sun koma sayen takalmin da in ya tsage jefarwa ake yi. Nakan wuni ina wasa wuƙar da ba ta dakushe ba, don kada masu wucewa su gan ni zaune hannu a haɓa.

A cikin wannan hali Maame Esi ta shigo wata Talata da hantsi. Tsohuwa ce 'yar Fanti ta bakin teku, amma a Kumasi ta girma dab da zango, Hausarta irin tamu ce. Ta yi shekaru a nan tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu har ita ma ta tsufa, ciwon suga ya rage mata gani sosai. Na daɗe ina gyara mata farin takalmin da take zuwa coci da shi, wani cocin Methodist na 'yan Ghana da ke nan unguwar. Ta ajiye gwangwanin biskit a teburina, ta buɗe, ta warware farin ƙyalle.

"Malam Sule, yau ba takalmi ba ne," ta ce. "Wanke hannu tukuna."

Na wanke. Littafi ne ƙarami, bangonsa ya mutu, gadon bayansa ya ruɓe, zaren da ke riƙe da shi ya zama kamar gemun masara. Ruwa ya taɓa cin kusurwa ɗaya, ƙwaro kuma ya huhhuda takardun. Rubutun hannu ne da harshen Fanti, a fuska ɗaya ta kowace takarda.

Ta zauna a kujerar masu jira ta ba ni labarinsa, don a cewarta wanda zai taɓa shi ya kamata ya san abin da yake taɓawa. Mutanen bakin teku, in ji ta, su ne suka fara aikawa a kawo musu Littafi Mai Tsarki, sai Turawan mishan suka biyo jirgin ruwa. Zazzaɓi bai raga musu ba. Wani ko wata shida ba zai cika ba a binne shi, a aiko wani, shi ma ya bi shi, matansu ma haka. Da abin ya yi yawa sai nauyin ya koma wuyan 'yan ƙasa. Su suka yi tafinta, suka buɗe makarantu, suka ɗauki wa'azin da ƙafa suka shiga daji da shi. Kakanta yana cikin na baya-bayansu. Katikis ne, wato mai wa'azin da bai kai limami ba, aka ba shi ƙauyuka biyar can ciki, ya gaji wani da ya riga shi.

"Da mutanenku yake tafiya, fataken goro," ta ce. "Shi kaɗai ba ya iya bin hanyar. Su yi sallar su, shi yi waƙar shi, su ci tuwo kwano ɗaya."

Tsarinsu, ta ce, shi ne a raba mutane ƙungiya-ƙungiya, kamar goma sha biyu-biyu, suna ce wa kowace kilas. Duk mako su haɗu, shugaba ya tambayi kowa yadda ya yi da ransa. Mai tafiya daidai a ba shi tikiti duk wata uku. Wanda ya koma wurin tsafi, ko ya riƙe kwalba, ko ya yi abin da mishan ba ta so, sai a cire shi. Ba tikiti, ba jibin Ubangiji, wato gurasar da suke ci tare a coci, kowa a ƙauye ya san an cire shi.

"Turawan nan akwai tsanani," ta ce, "amma kakana ya fi su."

Littafin na sunaye ne. Kowane ƙauye yana da jeri biyu. Takardar da aka zana gicciye a samanta, da waɗanda ke bin ta, sunayen waɗanda aka karɓa ne. Takardar da aka ja baƙin layi mai kauri a samanta, da waɗanda ke bin ta, na waɗanda aka cire ne. Ta kawo littafin dab da idonta ta nuna mini cewa takardar farko ta kowane jeri ce kaɗai ke da alama, sauran sunaye ne zalla. Na gyaɗa kai, amma gaskiya hankalina yana can yana zaɓen wadda zan sa cikin fatuna uku.

Nan da mako shida cocinsu za su yi Lahadin godiya. Da yawa cikin masu zuwa jikokin mutanen ƙauyukan nan ne. Osofo, wato limaminsu, zai karanta sunayen waɗanda aka karɓa, duk wanda ya ji na kakansa ya miƙe tsaye. Bayan nan a mai da littafin gida a ajiye shi a tsohon cocin da kakan ya gina.

"Bango nake so irin wanda kuke yi ma naku Littafin," ta ce. "Tun ina yarinya nake gani a zango. Ku kun san girman takarda."

Maganar nan ta shige ni ƙwarai. Na ce, "Maame, ki kwantar da hankalinki, ya zo hannun da ya san shi."

Washegari na share teburi, na shimfiɗa farin ƙyalle, na ƙudura zan yi masa duk abin da zan yi wa namu, don a wurina girmamawar ke nan. Na danne littafin da katako, na sa wuƙa na datse gadon bayan gaba ɗaya, ruɓaɓɓen zare da busasshen gam, siriri, bai kai faɗin farce ba. Yanka ɗaya tsaf, har na yaba wa kaina. Takardu tamanin da huɗu suka saki. Na share tarkacen na zuba a shara. Na baza takardun a teburi da kanta da saman akwatuna, na bi su da burushi mai laushi ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta bushe in ɗauke, wadda ke da sauran danshi in bar ta. Masu kawo takalma suna shigowa ina matsar da wasu don su samu wurin ajiye kaya. Kwana biyu ina wannan, raina fari tas.

Rana ta uku da safe na tara su wuri ɗaya, na zauna jerawa. Na ɗauki ta sama na duba gindinta, ba komai. Na duba ta biyu, ba komai. Na duba sama ko akwai lamba, babu. Jirgi ya wuce, gwangwanin ƙusa ya yi rawarsa, ni kuwa ina zaune gumi yana bin bayana a watan da ake sa riga uku. Mutumin nan bai rubuta kalmar gindi ba, kuma don me zai rubuta? Littafinsa ɗinkakke ne, zare ne yake riƙe masa jeri. Zaren nan shi na yanke da hannuna.

Sai na tuna da abin da na datse. In yana nan, zan iya gwada bakin kowace takarda da guntunta. Na fita ko jaket ban sa ba, na zagaya bayan gini, na buɗe durom ɗin shara. Wayam. Motar shara ta kwashe tun jiya.

Ina so ku gane abin da na aikata, don ba takarda kawai na hargitsa ba. In takarda ɗaya ta gicciye ta faɗa ƙarƙashin baƙin layi, mutum zai zo coci da 'ya'yansa da sabon ɗinki, ya zauna yana jira, a gama karatu bai ji sunan kakansa ba. Daga baya ya buɗe littafi ya same shi cikin korarru. Mu da su duk halinmu ɗaya, irin wannan ba ya kwana a Bronx, kafin magariba waya ta kai shi ƙauye. In aka tambaya wa ya yi, sai a ce Bahaushen nan Musulmi da aka ba amanar littafin coci. Wa zai yarda girmamawa ce ta kai ni? Shekaru muna zaune da su lafiya, suna sayen ragon Kirsimeti wurin mahautanmu, muna aika musu naman Sallah. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba a sana'a.

Na yi tunanin neman mai karanta Fanti, na fasa. Sunaye zalla ba sa faɗin wanda ke gaba da wanda ke baya, kuma duk wanda zan kira ɗan cocin ne ko surukin ɗan cocin. Ran Juma'a Maame ta bugo waya.

"Malam, yaya littafina?"

"Yana shan iska, Maame."

Ba ƙarya na yi ba, amma gaskiyar ma ban faɗa ba. Na ajiye wayar.

Kwana huɗu ina juya takardun nan ba dabara, abinci ma sai dai in tsakura. A rana ta biyar, don kawai na rasa abin yi, na ɗaga wata ga hasken taga, sai haske ya shigo ta hudar ƙwaro. Na ɗora wata a kanta, hudar ba ta zo daidai ba. Na gwada ta uku, na gwada ta huɗu. A wajen ta goma sha wani abu sai haske ya ratsa su biyun tare. Na tsaya na yi tunani. Ƙwaro ba ya tsallake takarda. In ya shiga littafi bi yake yana ci, yana ɗan karkacewa kaɗan-kaɗan. Ke nan takardun da suke maƙwabtaka hudarsu kusan wuri ɗaya take, waɗanda suke nesa da juna kuwa ta goce. Tabon ruwan ma haka, a farkon littafin yana da faɗi, yana shiga ciki yana ƙanƙancewa.

Na samo gilashin taga na ɗora a kan akwatin katako, na sa fitila a ciki. Sai in shimfiɗa takarda biyu a kai, in daidaita bakinsu na waje, in duba inda haske ya fito, in auna gocewar da gindin allura mafi siranta da nake da ita. Wata takardar sai na gwada ta da talatin kafin in samu 'yar'uwarta. Wata ranar in haɗa shida in yi ta murna, washegari in gane ta huɗun ba nan take ba, in sake. Na riƙa rufe shago rabin wuni, a shekarar da ko mai gyaran zif ɗaya ba na so ya wuce ni. Idanuna suka yi ja, suna ta ruwa.

Wani Alhaji Issa, mutumin Nijar mai shagon turare, ya tura ƙofa wata rana da takalmi a leda, ya same ni duƙe a kan gilashi.

"Patron, karatun coci ka koma?"

"Sawun ƙwaro nake bi, Alhaji."

Ya dube ni, ya dubi fitilar da ke ci da rana tsaka, ya ce, "Allah ya ba da lafiya," ya fita da takalminsa.

Duk Juma'a kuma wayar Maame, duk Juma'a littafi yana shan iska.

Mako uku na yi a haka. Tabon ruwa da ƙwaro ɗaya suka jera mini gaban littafin, wani ƙwaron da ya shigo ta baya ya jera mini ƙarshensa. Gicciye da baƙin layi suka riƙa faɗowa a inda ya kamata, ƙauye bayan ƙauye, wannan ya tabbatar mini ba hauka nake yi ba. Takarda tamanin da ɗaya na mayar wurinsu, kuma zan iya rantsewa a kansu. Na yanka siririn farin ƙyalle na manna wa kowace a gefe da sitaci, don allura ta bi ta ƙyallen, ba ta takardar ba.

Saura uku na tsakiyar littafin, na ƙauye na uku. Ruwa bai kai gare su ba, ƙwaron gaba ya tsaya kafin su, na baya ma bai iso ba. Fes suke, ba huda ba tabo. Ɗaya mai gicciye, ɗaya mai baƙin layi, ɗaya kuwa sunaye zalla, mutum goma sha biyu. Mai gicciye ce ke gaba, wannan na sani daga sauran ƙauyukan. Amma ta ukun fa? Ko ta bi gicciye, ko ta bi baƙin layi. Na duba ko ɗaya cikin masu alamar ba ta cika ba, dukansu cike suke har gindi. Tawada iri ɗaya, hannu iri ɗaya. Na bi littafin kaf ina neman sunayen nan ko sun fito a wani wuri, ban gan su ba, wannan kuma bai nuna komai ba, tunda wasu tun kafin zuwan kakan aka karɓe su.

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta ce in sa ta bayan gicciye in yi shiru. Maame ba ta gani, Osofo bai taɓa buɗe littafin ba, kuma ba wanda zai ji kunya. Har na jera ta a nan, na zura zare a allura. Sai na tambayi kaina, in wani ya ɗauki takardar littafin addinina ya sa ta inda ya ga ya fi daɗi, ya rufe ya miƙo mini, me zan kira shi? Na zare zaren, na ɗauki waya na ce wa Maame ta zo, akwai magana.

Ta zo ran Alhamis bayan la'asar, saura kwana goma Lahadin tasu. Na ba ta kujera na gaya mata komai, tun daga wuƙa har motar shara. Ta ɗora hannunta biyu a kan sandarta.

"Ka yanke shi," ta ce.

"Na yanke, Maame."

"Da wuƙa."

"Da wuƙa."

"Yankan ban ji zafin shi ba kamar iskar nan da ka ce yana sha, mako huɗu."

Na sunkuyar da kai. Can ta miƙo hannu, na sa mata takardun da na jera, na kama yatsanta na bi da shi ta hudar ƙwaro, takarda bayan takarda, don ta ji yadda take gocewa. Ta bi kamar guda goma, ta ce ya isa, ta yarda da ƙwaron. Sannan na gaya mata maganar ukun da suka rage, da wadda na rasa wurinta.

"Karanta mini sunayen."

Bokona ba mai ƙarfi ba ne, sunayen kuma ba na bakina ba. Na fara ina tuntuɓe. Na karanta na farko, na karanta na biyu. Na uku na ce, "Hannah Araba."

"Tsaya."

Na tsaya. Ta juyar da fuskarta wajen taga.

"Matar shi ce," ta ce. "Kakata. Yarinyar su ta kwanta zazzaɓi, an yi addu'a an yi addu'a ba sauƙi, ga kaburburan yara nan a bayan coci tana gani. Ta goya ta, ta kai ta wurin boka. Yarinyar ta tashi, ita ce uwata. Ran Lahadi kakana ya miƙe gaban jama'a ya cire matar shi da bakin shi, ya rubuta da hannun shi, don kar a ce ya kori na wasu ya bar nashi. Shekara talatin tana dafa mai abinci, tana wanke mai farar rigar wa'azi. In ana waƙa, a bakin taga take tsayawa ta waje. Na same ta da rai, Malam. Ba waƙar da ba ta iya ba."

Allah ya yafe mini, abin da na fara ji shi ne sauƙi, don yanzu na san wurin takardar. Na ɗauke ta zan sa ta bayan baƙin layi, sai ta dafe hannuna.

"Ina mai gicciyen?"

Na kai yatsanta kanta. Ta karɓi takardar daga hannuna, ta laluba, ta sa ta a bayan mai gicciyen da kanta, ta daidaita bakinsu da tafin hannu.

"Maame, ba nan take ba. Ke kika faɗa yanzu da bakinki."

"Na san inda take, tun ina 'yar makaranta na sani. Ni ban taɓa iya yanke zaren nan ba, kai ma ba don ita ka yanke ba. Amma ya yanke."

"Osofo fa? Littafin coci ne."

"Osofo ni zan gaya mai, in ya ga dama shi ma ya cire ni. Wannan nawa ne. Kai ɗinki ne naka."

Na dubi takardar. Hankalina bai kwanta ba, kuma har yau da nake ba ku labarin ban san ko daidai na yi ba. Na ce mata, "Akwai mutum goma sha ɗaya tare da ita a takardar nan. Ba mu san abin da suka yi ba."

"Su ma sun daɗe a waje," ta ce. "Ɗinka, Malam Sule."

Na zura zare na ɗinka. Ba ta tashi daga kujerar ba sai da na ɗaure na datse, ta shafa da yatsanta ta ji takardar ba ta motsi.